Laftof ɗina ta yi zafi ta mutu kuma ta ƙi tashi, don Allah a taimaka

Ɗan_Ringim:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, don Allah masana kwamfuta ku kawo min ɗauki wlh hankalina a tashe yake. Ina da ɗan shago a ƙauyenmu nan ƙasar Ringim, ina taifin da fotokwafi da cajin waya, kuma laftof ɗaya ce tal da ni, HP ce 'yar gwanjo irin ta da ɗin nan mai batirin da ake zarewa ta baya, Core i5. Tun da zafin nan ya shigo na lura fankarta tana ƙara sosai, gefen hagu inda iska take fita in ka sa hannu sai ka janye, kuma jefi-jefi takan kashe kanta amma in na bar ta ta huce sai ta tashi mu ci gaba da aiki.

To jiya da azahar ina cikin buga takardun jarabawar ƙarshen zango na wata firamare da wata islamiyya, shagon kwano ne ba silin kun dai san ranar Afrilu, kawai sai ɗif. Na bar ta har bayan la'asar na danna shiru, da daddare na sake dannawa shiru, yau da safe ma haka. Wani maƙwabcina da ya ɗan san harkar ya ce wai bod ɗin ne, wato babban farantin da kayan cikinta suke zaune a kai, ya ƙone sai dai in nemi wata, ni kuwa wlh ko kuɗin rabinta ba ni da shi yanzu, ga aikin mutane a ciki, malamai sai zuwa suke suna tambaya don jarabawar ta matso.

Abin da nake son sani shi ne da gaske zafi yana ƙona bod haka lokaci ɗaya? Kuma akwai abin da zan iya gwadawa da hannuna kafin in kashe kuɗin mota zuwa Kano? Ina da ƙaramin sukundireba da mita irin ta masu gyaran rediyo da zan iya ara. Da rana sola da inbata nake amfani da su, da daddare kuma ƙaramin janareta. Na gode Allah Ya saka da alheri.

Yaron_Kanti:

Wslm. Oga ka samu mai firjin sola ko kular ƙanƙara ka saka ta a ciki kamar minti talatin ta yi sanyi sosai sannan ka kunna, ni haka nake wa wayata in ta yi zafi. In ba ta tashi ba to gsky ta tafi sai haƙuri.

Mai_Sukundireba:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kawo sauƙi. Kafin komai don Allah kar ka sa ta a firji ko kula. Ƙanena Yaron_Kanti ka yi haƙuri amma wannan shawarar ita ce za ta kashe ta gaba ɗaya, don in ka fito da abu mai sanyi cikin iska mai ɗumi raɓa ce take kwanciya a kansa har can ciki kan bod, kana danna madanni ruwa ya haɗa layukan wuta. Ita kuma tun jiya ai ta gama hucewa, matsalar yanzu ba ta sanyi ba ce.

Maganar maƙwabcinka kuma ni ban yarda da ita ba tukuna. Gyaran kwamfuta sana'ata ce a Kano kuma abin da ya fi ɓata min rai kenan, mutum ko buɗewa bai yi ba ya ce bod ya ƙone. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana da abin auna zafi a jikinsa, in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu, shi ya sa kake ganin kwamfuta tana nauyi in ta ɗau zafi, in kuma zafin ya ci gaba da hawa sai ya yanke wuta don ya tsira. Wato wannan kashe kanta da take yi kariya ce. Ba na cewa zafi ba ya lalata bod, yana yi musamman in an daɗe ana gasa shi, amma akwai abubuwa masu araha da yawa da ake dubawa kafin a kai can.

Ka ce shiru, to shiru iri biyu ne kuma su ne za su nuna mana hanya. Akwai wanda kana dannawa babu fitila ko ɗaya, fanka ba ta motsi, gawa sosai. Akwai kuma wanda fitilar madannin take kamawa, fanka ta ɗan juya, amma allo baƙi ƙirin. Ka kai ta ɗaki mai duhu ka kara kunnenka ka gaya mana wanne ne.

Amma fara da wannan don kyauta ne: zare caja, zare batirin, cire duk abin da ke jiki su filash da linzami da kebul ɗin firinta, sai ka danne madannin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 15 zuwa 30 don ragowar wutar da ta maƙale ta fita. Sai ka jona caja kaɗai ba batir ka kunna. Ka sha mamakin yawan laftof ɗin da suke tashi a nan, don wani lokacin batirin ne ya mutu yake jan komai ƙasa. Ka kuma duba batirin da kyau, in ya kumbura ko yana wari kar ka mayar da shi, kar ka huda shi, ka ajiye shi nesa da fetur ɗin janareta.

In gawa ce sosai to cajar zan fara zargi, don ita ma zafin nan take sha, sau da yawa ma a ƙasa ake yar da ita rana na dukanta. Ka duba ko 'yar fitilar kusa da ramin caja tana kamawa in ka jona. A bayan cajar an rubuta abin da take fitarwa, na HP yawanci 19.5V ne, tsofaffi wasu 18.5V. Za ka iya aunawa da mitar amma ka kula, bakin cajar akwai siririyar allura a tsakiya, ita ba ta wuta ba ce, da ita laftof take gane cajar. Wutar tana jikin bangon ciki ne, na waje kuma nan ake ɗora baƙar wayar mitar, in ka bari bakin mita ya haɗa allurar da bangon ciki sai ka jawo wata sabuwar matsalar. In hannunka ba ya tsayawa gara ka ari cajar wani mai irin taka ka gwada, ya fi sauƙi.

In kuma tana kamawa allo ne baƙi, ka sa ido kan 'yar fitilar Caps Lock. Irin waɗannan HP ɗin da ita suke faɗin ciwonsu, tana ƙiftawa ta tsaya ta sake. Ka ƙirga sau nawa kafin ta tsaya. Sannan ka haska tocila a jikin allon daf da daf, in ka hango rubutu dishi-dishi to kwamfutar lafiyarta ƙalau hasken allon ne ya mutu. In akwai talabijin mai ramin HDMI ko VGA a kusa ka jona ka gani. Yi waɗannan ka dawo mana.

Maman_Ikram:

Sannu Malam, Allah Ya kiyaye gaba. Ni ba injiniya ba ce malamar makaranta ce a ɓangaren Gumel amma irin wannan ta taɓa samuna shi ya sa na kasa yin shiru. Ni abin da ya fi damuna a zancenka aikin mutanen da ke ciki ne. Ka kwantar da hankalinka, ko da bod ɗin ya mutu takardun ba a bod suke zaune ba, a had dis suke, kuma shi ana zare shi a sa a wani ɗan gida mai kebul ɗin USB a jona da kowace kwamfuta a kwashe komai. Tunda tsohuwa ce mai yiwuwa irin mai faɗin nan ne na SATA inci 2.5, gidansa ana samu a Beirut Road ko Farm Centre kuma bai kai kuɗin caja ba a sanina. In jarabawa ta matso ka zare shi ka je wajen wani mai kwamfuta ka buga musu takardunsu tukuna, gyara ya biyo baya.

Kuma don girman Allah in ta kama sai ka kai ta wajen gyara, ka cire had dis ɗin ka bar shi a aljihunka, ko kuma ka tsaya a kansa. Ni wani mai gyara na kai wa tawa, ban ce ya taɓa komai ba, na dawo ya ce min ai ya yi mata fomatin ya sa sabon Windows ta fi gudu, sakamakon ɗalibaina na shekara guda duk ya tafi, har kuka na yi a wajen. Kai ma kuma tambayoyin jarabawa ne a ciki da hotunan mutane da takardunsu, amana ce, bai kamata ta kwana a hannun wanda ba ka sani ba.

Ɗan_Ringim:

Kai jama'a na gode wlh, Allah Ya biya ku. Hajiya maganarki ta sanyaya min rai don ni na ɗauka komai ya tafi tare.

Oga Mai_Sukundireba na yi yadda ka ce. Na shiga ɗaki na rufe taga, ashe ba gawa ba ce, fitilar madannin tana kamawa fara, fanka tana ɗan yin wani gurr kamar tana son juyawa sai ta tsaya, a shago hayaniya da hasken rana ne suka hana ni lura. Na cire batir na danne madanni na jona caja kaɗai, duk ɗaya. Batirin bai kumbura ba. Tocila ban ga komai a allo ba. Amma Caps Lock ɗin tana ƙiftawa kamar yadda ka faɗa, sau uku sai ta tsaya sai ta sake uku, na ƙirga na maimaita har ƙanina na kira ya ƙirga min shi ma uku ya samu. Me uku take nufi? Allah Ya sa ba bod ɗin ba ne.

Mai_Sukundireba:

Alhamdu lillahi, wannan labari ne mai daɗi. A tsofaffin laftof ɗin HP irin taka ƙiftawa ɗaya furosesa ne, biyu BIOS wato manhajar da take tayar da ita, uku ram wato ma'adanar wucin gadi da take aiki da ita, huɗu ɓangaren hoto, biyar shi ne bod. Sababbi sun canza salo suna haɗa doguwa da gajeruwa, amma taka mai batirin waje ina kyautata zaton tsohon lissafin ne. Kenan ram take kuka da shi, kuma shi ne mafi sauƙi a cikinsu duka. Abin da yake faruwa ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa in ya huce ya tsuke, yau da gobe ga ƙura tana shiga, sai haƙoran ram ɗin su daina kama ramin da kyau. Wani lokacin kuma sandar ram ɗin ce ɗaya take mutuwa.

Ga yadda za ka yi. Cire caja da batir, ka sake danne madanni. Shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan tebur ka kifa ta, ka taɓa wani ƙarfe kamar ƙofar shago kafin ka sa hannu a ciki. Buɗe murfin baya, kusoshin ka zuba su a murfin kwalba kar su ɓace a ƙasa, kuma ka ɗau hoton ciki da wayarka kafin ka taɓa komai. Za ka ga 'yar sanda koriya ko shuɗiya mai baƙaƙen ƙwayoyi a jere, ƙila ɗaya ƙila biyu. Gefe da gefe akwai 'yan ƙarafa biyu da suka riƙe ta, ka buɗa su waje da farce za ta ɗago da kanta a karkace, sai ka zaro ta ka riƙe ta gefe kar ka dafa haƙoran. Haƙoran nan masu ruwan zinare ka goge su a hankali da robar goge fensir mai tsabta, ka kaɗe ɓurɓushin, ramin kuma ka share da busasshen buroshi mai laushi. Wajen mayarwa akwai 'yar tsaga a tsakanin haƙoran da take daidai da wani ɗan tudu a ramin, ba ta shiga a juye, ka tura ta a karkace har haƙoran su ɓuya sannan ka danna ƙasa sai ka ji ƙas. In biyu ne ka gwada ɗaya-ɗaya, kowace a kowane rami, ta haka za ka gane ko sanda ce ta mutu ko rami. In sai ka sayi wata ka tafi da tsohuwar a hannu, don DDR3 da DDR3L da DDR4 ba ɗaya ba ne, a jikin takardar sandar an rubuta.

Amma fa ko ta tashi kar ka koma aiki da ita haka. Wannan gurr ɗin da ka ce fanka tana yi ta tsaya shi ne asalin ciwon, ram ɗin rauni ne kawai da ya biyo baya. Daga kan furosesa akwai bututun jan ƙarfe da yake ɗaukar zafi ya kai shi wasu siraran ƙarafa a jere a bakin mafitar iska, fanka ce take hura su. Ƙurar hunturu tana taruwa a tsakanin fankar da ƙarafan nan ta toshe hanya, daga waje ba za ka gani ba sai ka cire fankar. Ka cire ta ka zare dattin da hannu da buroshi. In za ka hura da famfon iska ka riƙe fiffiken da yatsa kar ya yi ta juyawa da ƙarfi, kuma kar ka hura da baki saboda yawu.

Sai man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen, wanda muke ce wa fes. Laftof ɗin gwanjo da yawa tun na kamfani ne a jiki ya bushe ya zama gari. In ka samu sabo, kusoshin wajen suna da lamba 1 2 3 4 ka bi su a jere, ka goge tsohon da auduga da ɗan sifirit ka bari ya bushe, ka ɗiga kaɗan a tsakiya ka mayar. In ba ka da sabon fes a hannu to kar ma ka ɗaga jan ƙarfen, fankar kawai ka share. Kuma don Allah ban da man goge baki, na san ana faɗa, bushewa yake ya bar ka a inda ka fito. Haka duk wanda ya ce zai gasa maka bod da hita ka ce a'a, wannan ko a ciwon ɓangaren hoto ma ɗan lokaci yake yi ya dawo, balle taka da ba shi ne ciwonta ba.

Baban_Sola:

Injiniya ya gama magana, ni ɓangarena kawai zan ƙara. Su kamfanonin da kansu yawanci digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi aiki da laftof, mu kuwa nan Jigawa da Kano a Afrilu da Mayu inuwa ma tana kai 40 har ta wuce, to ina ga ƙarƙashin kwano da azahar. Ko sabuwa fil ce za ta wahala. In da hali ka sa silin ko na kwali ne ko zana, bambancin ba kaɗan ba ne. Ka ɗaga bayan laftof ɗin da ɗan katako iska ta riƙa shiga ta ƙasa, ban da ɗora ta a katifa ko darduma ko cinya, kuma tunda kana da sola ka samu 'yar fankar DC ka saita ta gefen. Aiki mai yawa ka mayar da shi safe da bayan magariba, tsakanin azahar da la'asar a bar ta ta huta in ba dole ba.

Sannan ka saurari cajarka in tana kan inbata, in tana wani zizz tana zafi fiye da yadda take yi a wutar lantarki to inbatar ƙila irin mai arahar nan ce da wutarta ba ta fita sumul, tana gajiyar da caja. Janareta kuma ka bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma zare kafin ka kashe shi ko in ka ji mai zai ƙare yana shaƙewa.

Ɗan_Ringim:

Jama'a ta tashi wlh ta tashi! Ram biyu ne a ciki, na goge su duka, da na sa ta farko ita kaɗai sai ga tambarin HP a allo, hannuna har rawa yake. Ta biyun kuwa duk ramin da na sa ta sai ƙiftawa ukun nan ta dawo, to na ajiye ta gefe, PC3L aka rubuta a jikinta 4GB. Kafin Windows ta buɗe wani rubutu ya fito mai lamba 90B, na danna Enter ta wuce, nan take na kwashe takardun jarabawar a filash kamar yadda Hajiya ta ce na kashe ta.

Da na cire fankar kuwa abin da na gani ya ba ni tsoro, ƙura ce da zare da gashi sun dunƙule sun zama kamar guntun bargo a manne da ƙarafan nan, a haɗe na ɗago shi da tsinke gaba ɗaya, ko alamar rami babu. Na share tas, yanzu in na haska tocila ta ciki ina ganin hasken ta waje. Sai dai fankar in na juya ta da yatsa tana ɗan cijewa ba ta tafiya sumul, kuma 90B ɗin bai daina fitowa ba. Oga in sa mata ɗan man keken ɗinki ne ko sai sabuwa?

Mai_Sukundireba:

Madalla, barka da arziki. 90B saƙon fanka ne, tana gaya maka ba ta juyawa yadda ya kamata, in ka ga 90D kuma shi ne na cewa zafi ne ya kashe ta. Fara duba 'yar wayar fankar ko ta zauna daidai a raminta a kan bod. In ta zauna kuma har yanzu tana cijewa to cikinta ya cinye, ɗigon man keke zai iya lallaɓa ta ka gama aikin jarabawar nan in irin wadda fiffikenta yake zaruwa ce, amma ba ya daɗewa don ƙura yake kamawa. Ka ba direban da yake shiga Kano tsohuwar fankar da ram ɗin da ta mutu ya kai Beirut Road a haɗo maka irinsu, PC3L ɗin nan ita ce DDR3L, a haɗo da fes ƙaramin sirinji ɗaya. Kafin su iso ka riƙa kunna ta da sassafe kawai da fanka a gefenta, ka sauke manhajar nuna zafi irin Core Temp ko HWMonitor kyauta ne ka riƙa kallon lambar, in ka ga tana haura 90 ka adana aikinka ka kashe.